Cokalin Rabin Likita

Idan ka tambayi Rabin Likita aikin da ya yi kafin ya yi ritaya, zai gyara zama ya ce maka a babban asibiti ya ƙare ƙuruciyarsa, kuma babu likitan da ya taɓa shiga asibitin nan sai da izininsa. Gaskiya ce tsagwaronta, domin shi ne mai gadin ƙofa. Sai dai duk duniya babu abin da ya tsana kamar a kira shi Mai Gadi. Don a zauna lafiya, 'yan unguwa suka laƙaba masa Rabin Likita. Su da ba'a suke faɗa, shi kuwa damuwarsa ɗaya, yaushe za a cika masa ɗaya rabin.

Ana nan sai hukumar lafiya ta ce kowace unguwa ta turo mutum guda a koya masa kai rahoton cututtuka masu yaɗuwa. 'Yan unguwa ba su yi wata doguwar shawara ba suka tura shi, ko ba komai dai kunnuwansu sa huta na yini guda.

Da yamma ya dawo da farar hula mai tambarin hukuma, yana tafiya kamar ƙasar ma aronta aka ba shi. Ya tarar da matarsa tana wanke-wanke a tsakar gida.

"Ajiye kwanukan nan ki saurara," ya ce. "Daga yau lafiyar unguwar nan a tafin hannuna take. Jami'ar lafiya da bakinta ta ce wanda ya fi kowa iya kai rahoto shi za a naɗa shugaban masu sa ido na yankin nan, a ba shi babur. To ki faɗa mini, wa zai fi ni?"

"Wa kuwa, Maigida," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Dokokin uku ne. In ka ga zazzaɓi da ƙuraje, ko amai da gudawa, ko wuya ya sanƙare, ko ido ya yi rawaya, ko wani ciwo ya kama mutane da yawa lokaci guda, ka buga waya nan take, ko da zato kake yi. Kada ka taɓa mara lafiya, kada ka ba shi magani. Kada kuma ka yi shelar sunansa a titi. Babu sani babu sabo. Ko ke kika kamu, wallahi sai na kai rahotonki."

"Na gode da wannan ƙauna."

Ya ɗauki gawayi ya rubuta lambar Jami'a a bangon ɗaki, manya-manya, yadda ko daga bakin rijiya za a karanta. Tun daga ranar kullum sai ya karanta wa matar dokokin nan, da safe, da rana, har a kan abinci, sai da ta haddace su ba da son ranta ba. Washegari ya kyautar da kekensa, wai shugaba ba ya taka feda. Ya kira mai walda aka fasa ƙaramar ƙofar gidan, aka kafa ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai ƙyaure biyu don babur ya riƙa shiga a sake. Ya kuma sayo usur, wanda babu wanda ya ce masa ya saya.

Matar ta tsaya ta ƙare wa ƙofar kallo. "Ka yi ritaya daga ƙofa, yanzu kuma ka kawo ta gida?"

"Mata dai ba ku da hangen nesa," ya ce.

Matsalar ita ce unguwar ta ƙi yin ciwo. Rabin Likita ya yi ta sintiri daga wannan lungu zuwa wancan, kowa garau, har abin ya fara ba shi haushi. Yaro ya yi atishawa sai ya bi shi har gida, a tarar barkono uwarsa ke dakawa.

Rannan da la'asar Mai Fenti ya dawo daga aiki a gajiye, ya zube a benci ƙofar shagon Tela. Fuskarsa rawaya, wuyansa rawaya, har gashin ido. Rabin Likita ya hango shi, murna ta kama shi. Ya busa usur.

"Shawara! Kowa ya ja da baya! Shawara ta shigo unguwa!"

"Wace shawara?" in ji Mai Fenti. "Bokiti ne ya kife mini daga kan tsani."

"Duk haka suke cewa. Na ga irinku a asibiti ba adadi."

"Ta ƙofa ka gan su ko ta taga?" Tela ya leƙo ya tambaya.

Bai kula shi ba. Ya ɗauki kara ya zana da'ira a ƙasa ya kewaye Mai Fenti, ya ce in ya tsallake layin nan hukuma ce za ta yi maganinsa. Sannan ya buga waya da ƙarfin da ko babu wayar ma Jami'a za ta ji. Kafin motar hukuma ta iso, rabin unguwa ya taru, mata sun kwashe 'ya'yansu, matar Mai Fenti na kuka tana tambaya ko ya bar wasiyya.

Jami'a ta sauko, mace ce mai sanyin magana. Ta dubi idon Mai Fenti, fari tas. Ta tambaye shi zazzaɓi, ya ce shi dai yunwa yake ji. Ta ce a kawo tsumma da kananzir. Shafa ɗaya, shawara ta koma jikin tsumma.

"Ka ga ikon Allah," in ji Tela. "Rabin Likita ya gano ciwo, kananzir ya warkar. Saura ku buɗe asibiti tare."

Ba a jima ba shi ma Telan nasa ya same shi. Ya yi barci a kan teburin yanka ya tashi da wuya a ƙage. Rabin Likita ya yi masa sallama ta baya, Tela ya juyo gaba ɗayansa kamar ƙyaure. Ai kuwa sai usur.

"Sanƙarau!"

Kafin Tela ya buɗe baki, an janyo ƙofar shagon an danna mata kwaɗo ta waje. Rabin Likita ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofar ya harɗe ƙafa. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya ce masa, "Ba shiga. Mai shagon yana tsakanin rai da mutuwa." Daga ciki kuwa wanda ke tsakanin rai da mutuwar yana ta dukan ƙofa yana ambaton iyayen Rabin Likita ɗaya bayan ɗaya.

Wannan karon Jami'a ba ta yi murmushi ba. Ta duba Tela, babu zazzaɓi, babu ciwon kai, sai tsabar fushi. Ta ja Rabin Likita gefe.

"Baba, kiran da ka yi ba laifi ba ne. Gara ka kira ni mu tarar ba komai, da ka yi shiru a kan abin da ya kamata mu ji. Amma wa ya ce ka yi shela? Wa ya ce ka kulle mutum?"

"Ranki ya daɗe, matakin gaggawa ne."

"Ka sake irin wannan matakin, zan karɓe hular nan."

"Ki yi masa uzuri, ranki ya daɗe," Tela ya faɗa daga ƙofa yana riƙe da wuya. "Ya ga kwaɗo ne, tsohuwar sana'a ta motsa."

Dariyar da aka yi ta bi shi har gida. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don a cikin dariyar ya ji wani ya ce Mai Gadi. Ya zauna a tsakar gida ya yi ta saƙa da warwara, har ya gano inda matsalar take. Ba a wajensa take ba, ko kusa. Matsalar ita ce ba shi da kayan aiki. Likitocin da ya riƙa leƙe ta taga, ai wani ɗan katako suke danna wa mutum a harshe su ce ya ce "aaa", shi ke nan sun gano komai. To me zai hana shi? Daga yau ba zai sake buga waya ba sai ya tabbatar da idonsa.

Ya shiga kicin ya zaɓi cokalin da ya fi kowane sheƙi.

"Ina za ka kai mini cokali?" in ji matar.

"Bincike."

"Ba kai ka ce kada a taɓa mara lafiya ba?"

"Ni zan taɓa shi? Cokali ne zai taɓa shi."

Wanda ya fara samun wannan gata shi ne Mai Aski, wanda ya dawo daga tafiya yana zazzaɓi, kuncinsa ɗaya ya kumbura har ƙasan kunne. Da a makon jiya ne, da tuni usur ya tashi unguwa. Amma Rabin Likita ya tuna da dariyar nan. Ya zura masa cokali, ya leƙa ya daɗe, bai ga komai ba sai harshe.

"Haƙori ne," ya ce. "Ka kuskure da ruwan gishiri."

Ya goge cokalin a hannun rigarsa, ya soke shi a aljihun gaba inda likitoci ke soke biro. Daga nan ya bi gida-gida. Babba da yaro, mai lafiya da mara lafiya, kowa sai ya ce "aaa". Mutane suka riƙa buɗe baki ba musu, domin kowa ya ga abin da ya sami Tela, kuma cokali ya fi kwaɗo sauƙi. In ya gaji ya zauna shan shayi, da cokalin yake juyawa, ya lashe, ya mayar aljihu. Mutum ɗaya ce ta ƙi.

"Bakina ba na gwaji ba ne," in ji matarsa. "Kuma cokalin nan kada ya sake kusantar kwanukana."

Bayan 'yan makonni unguwa ta fara kumbura. Mai Fenti ya fito da kunci kamar ya ɓoye lemo a ciki. Tela ya biyo baya, nasa har gefe biyu. Sai 'ya'yan Tela, sai matar mai walda, sai mai kayan miya. Duk inda ka duba, mutum ne ya ɗaure haɓa da ƙyalle yana magana ta hanci.

Rabin Likita ya shigo gida baki har kunne. "Ta samu! Annoba ta gaske, ba ta fenti ba!"

"Hangum ne," in ji matar. "Na yi shi ina yarinya, na san shi. Ka buga waya."

"Yanzu? Da 'yan mutanen nan? Ai rahoton mutum biyu uku na masu koyo ne. Bari su ƙara taruwa. Ranar da zan kira ta, jera mata su zan yi a benci, layi guda, ta ga aiki. A ranar za ta miƙo mini makullin babur."

"Kai ka ce nan take."

"Nan take na ƙananan ma'aikata ne."

Haka ya riƙa zagayawa kowace safiya yana duba kumatun mutane kamar manomin da ke jiran kankana ta nuna. In ya ga sabon kamu sai ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara," sannan ya tuna ya ce, "sauƙi."

Wata safiya ya tashi jikinsa zafi, kuncinsa na dama ya yi tsiri. Ya daɗe a gaban madubi yana juya fuska, yana jin daɗi.

"Zo ki gani. Ƙiba ta fara zuwa. Kin taɓa ganin shugaba da kumatu a lotse?"

"Ƙiba gefe ɗaya, Maigida?"

"Da dama ake farawa."

Ta matsa lemon tsami a ruwa ta miƙa masa. Kurɓa ɗaya ya saki ƙara, ya dafe ƙasan kunne, hawaye na zuba. Ya ce lemon ne bai nuna ba. Ta leƙa waje ta ga 'ya'yan maƙwabta sun wuce makaranta da jakunkuna, biyu daga cikinsu haɓa a ɗaure. Ta dawo ta tsaya tana kallon bangon ɗaki. Shi kuwa ya kafa hularsa ya fita aron benci, don ya yanke cewa yau ce ranar.

Kafin azahar ya jera bencina a ƙofar gidansa. Ya bi gidaje da usur ya fito da marasa lafiya, ya zaunar da su bisa girman kunci, manya a gaba. Tela ya samu kujerar farko, girmamawar da bai nema ba. Masu lafiya kuma suka kewaye su suna kallo, har da masu goyo. Rabin Likita ya hau kan turmi, ya zaro waya, ya gyara murya. Bai kai ga danna lamba ba sai ga motar hukuma ta shawo kwana.

Ya yi sororo, sannan ya washe baki iya yadda kuncin ya bari. "Kun gani? Ko kira ban yi ba. Suna ne ya kai can!"

Jami'a ta sauko da ma'aikata biyu, duk da takunkumi da safar hannu. Ta dubi bencina, ta dubi masu goyo, ta dafe kai.

"Wa ya tara mutanen nan wuri ɗaya?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Na jera miki su don sauƙin ƙirga."

"Masu lafiya, don Allah kowa ya koma gida." Babu wanda ya motsa, sai dai aka ɗan ja da baya yadda za a fi gani. Ta juyo ta ƙura wa kuncinsa ido. "Baba, zo mu koma gefe mu yi magana."

"A'a, faɗi a gaban kowa. Yau ranar da na daɗe ina jira ce. Duk wanda ya yi mini dariya yana nan, gara ya ji da kunnensa."

"Baba, gefe ya fi."

"A nan."

Ta yi ajiyar zuciya, ta tambayi wanda ciwon ya fara kamawa. Mai Aski ya ɗaga hannu daga baya, nasa ma ya riga ya saɓe. Ta tambaye shi tun yaushe, ya faɗa. Ta tambaya ko an sanar da wani.

"Na sanar da shi," ya nuna Rabin Likita. "Ya sa mini cokali ya ce haƙori ne."

"Cokali?"

"Ni ma ya sa mini," in ji Mai Fenti.

"Har 'ya'yana," in ji Tela ta hanci. "Ranar nan daga shagon aski ya zo."

Rabin Likita ya ga lokacin nuna gwaninta ya yi. Ya zaro cokalin daga aljihu ya ɗaga sama, rana ta haska shi. "Ga shi nan, ranki ya daɗe. Dabarata ce, babu wanda ya koya mini. Babu bakin da bai shiga ba a unguwar nan."

"Da me kake wanke shi?"

"Wanki kuma? Ai gogewa nake yi." Ya nuna hannun riga.

Jami'a ta ce, a hankali, yadda kowa zai ji, "Ciwon nan ta yawu yake yaɗuwa."

Sai da maganar ta ɗan zaga kafin ta sauka. Tela ne ya fara miƙewa. Allah ya taimaki Rabin Likita, duk masu haƙƙin zaginsa babu mai iya buɗe baki yadda ya kamata. Tela ya ɗauko wani zagi tun daga ƙasan ciki, ya zo muƙamuƙi ya maƙale, sai "uhhm" kawai ya fito, ya koma ya zauna yana riƙe da kunci. Matar mai walda ta cire takalmi. Wani ma'aikaci ya miƙo leda, aka jefa cokalin a ciki aka ɗaure kamar an kama kunama.

"To, kuskure dai ba a rasa shi a aiki," in ji Rabin Likita. "Amma rahoton nawa ne. Ni na gano annobar. Maganar babur ɗin..."

"Rahoton ya iso mana tun da safe, kuma ba daga gare ka ba."

"Wane munafukin ne ya riga ni?"

"Ba ma faɗin suna."

"Ni ce," aka ce daga bayansa.

Ya waiga. Matarsa ce tsaye a bakin ƙofar ƙarfe, da ludayi a hannu.

"Ke? Rahoton wa kika kai?"

"Naka. Da na yaran da suka tafi makaranta."

"Mijinki? Uban 'ya'yanki?"

"Kai ka ce babu sani babu sabo. Na kira nan take, ban taɓa ka ba, ban kuma yi shelarka a titi ba. Shelar kai ka yi wa kanka."

Wannan karon har masu kumburi sai da suka yi dariya, suna yi suna kuka don zafi. Rabin Likita ya sauko daga kan turmi. Jami'a ba ta ce ya ba da hula ba, leda ta biyu kawai aka miƙo masa, ya gane. Aka sallami marasa lafiya kowa ya killace kansa a gida, aka aika makaranta, aka fara bi gida-gida ana yi wa yara rigakafi. Shi kuma aka tura shi ɗaki da kofinsa daban, kwanonsa daban. Kafin dare ɗaya kuncin ma ya tashi, ƙibar shugabanci ta cika gefe biyu, babu mai kallo sai madubi.

Kumatu suka saɓe, unguwa ta warke. Da hukuma ta nemi wani mai sa ido, ba a yi gardama ba aka ba matar sabuwar hula. Ba ta da usur, ba ta da cokali. In ta ga abu ta shiga ɗaki ta buga waya a hankali, ta fito ta ci gaba da aikinta. Da lokacin naɗin shugaba ya zo, sai ga babur ja an kawo har gida. Ta koyi tuƙi a filin makaranta, ta faɗi sau ɗaya, ta iya.

Safiyar da za ta fara fita zagaye, Rabin Likita yana zaune a tsakar gida yana juya shayi da ɗan tsinke, don har yau ba a yarda a ba shi cokali ba sai ana kallonsa. Ya ji ta tayar da babur. Ya ji ta danna hon.

"Maigida, ƙofa."

Ya yi niyyar ya yi kamar bai ji ba. Amma kafin zuciyarsa ta gama shawara, ƙafafunsa sun kai shi. Ya zare sakata, ya buɗe ƙyauren dama, ya buɗe na hagu, ya koma gefe ya ƙame. Da ta zo wucewa hannunsa ya tashi da kansa zai sara mata, da ƙyar ya mayar da shi sosa ƙeya.

Tela na zaune a ƙofar shagonsa yana kallo. "Sannu da aiki, Mai Gadi!"

Rabin Likita ya cika, ya buɗe baki zai rama, sai matar ta waigo daga kan babur.

"A rufe in na fita, kada awaki su shigo."

Ya rufe, ya sa sakata sama da ƙasa, ya girgiza ƙofar ya tabbatar ta kamu. Wannan aikin kam ko Tela bai taɓa cewa bai iya shi ba.